Iska da Mai: Kanikancin Maiduguri daga Kafireta zuwa Kompressor

Birnin Maiduguri, wanda ya kafu a shekarar 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa kusa da barikin Turawan mulkin mallaka, ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar hanyoyi, domin daga nan ake miƙa zuwa Baga da bakin Tafkin Cadi, da Gamboru Ngala, da Bama da Banki, da kuma Damaturu zuwa Kano. Jirgin ƙasa bai iso garin ba sai a 1964, saboda haka kafin lokacin manyan motoci ne suke kwashe gyaɗa da fatu zuwa tashoshin jirgi na Nguru da Jos, kuma a gindin waɗannan motoci aka fara koyon kanikanci a Borno.

Tushen sana'ar, tun daga wancan zamani har yau, shi ne daidaita iska da mai. Injin fetur ba ya cin mai shi kaɗai, yana ƙona gaurayen mai da iska ne, kuma gaurayen da yake ƙonewa tsaf shi ne wanda nauyin iskarsa ya ninka na mai kusan sau 14.7. A tsofaffin motoci kafireta ce take yin wannan haɗi, wato na'urar da iska take ratsa wani ƙunƙuntaccen maƙoshi a cikinta da sauri, ta tsotso fetur ta ɗan ƙaramin rami, su gangara tare zuwa kan fistin. Da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Borno a 1976 bayan ta riƙe Jihar Arewa maso Gabas tun 1967, sai Fijo 504 ta cika ma'aikatu da tashoshin mota, har ta zama makarantar da yawancin kanikawan garin suka yi karatu a kanta. Gwani a wancan lokaci da kunne yake saita kafireta, ya duba launin fulogi, idan ya yi baƙi ya san mai ya yi yawa, idan ya yi fari ya san iska ta rinjaya. Wannan ilimi ne na gaske, wanda aka tara da haƙuri a hannun iyayen gida, kuma ya dace da injin da yake yafe kuskure. Hatta ƙurar hunturu tana da magani mai sauƙi, domin tsofaffin manyan motoci da Land Rover suna da iyakilina, wato matatar iska, mai kaskon baƙin mai a ƙasa, wadda ƙura take maƙalewa a cikinta, a wanke a mayar.

Sauyi ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar naira ya sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin tokumbo da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. A daidai wannan lokaci dokokin rage hayaƙi na Turai, musamman waɗanda suka fara aiki daga 1992, suka kawo ƙarshen kafireta a sababbin motoci, aka maye gurbinta da injekta, wato tsarin da famfo yake turo mai da ƙarfi zuwa nozul, ƙwaƙwalwar mota kuma ta ƙayyade yawan da za a fesa bisa ga iskar da aka auna. Martanin garejoji da yawa a Nijeriya shi ne cire injekta a ɗaura kafireta, kuma bai kamata a yi saurin zargin masu yin haka ba, tun da ba su da na'urar bincike, ba su kuma da wanda ya koya musu. Sai dai dabarar ta jinkirta koyon sabon tsarin da shekaru.

Injin da ake yi wa ɗurin iska ya shigo ne ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce tarbo ta manyan motocin dizal, wadda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, kuma hayaƙin salansa ne yake juya ta. Ta biyu ita ce sufacaja, famfon iska da bel yake juyawa kai tsaye daga inji, wadda asalinta yake komawa ga mafitar ƙarfe da 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860 domin hura wutar narkar da ƙarfe. Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu wannan na'ura a Berlin a 1921 da sunan Kompressor, kuma da wannan suna ne direbobin Arewa suka san ta, bayan ƙananan Marsandi irin su C180 da C200 Kompressor na farkon shekarun 2000 sun fara shigowa a matsayin tokumbo. Manufar ita ce ƙaramin inji ya yi aikin babba: idan aka ƙara matsin iska da rabin matsin sararin samaniya, iskar da take shiga tana iya ƙaruwa da kusan rabi, dole kuma mai ya ƙaru daidai da haka.

A nan ne yanayin Borno yake shiga cikin lissafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 7 cikin ɗari tun kafin ta isa inji. Matse ta kuma yana ƙara mata zafi sosai. Iska mai zafi da matsi takan sa gaurayen ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa, abin da ake ji kamar ƙarar tsakuwa a gwangwani, wanda idan ya daɗe yake fasa ringi ko ya huda kan fistin. Ƙarfin fetur na jure wannan fashewa shi ake aunawa da lambar okten, kuma injinan Kompressor an tsara su ne a kan lamba 95, alhali fetur ɗin da aka saba sayarwa a Nijeriya bai kai haka ba. Ƙwaƙwalwar motar tana kare injin ta hanyar jinkirta wuta, abin da yake rage ƙarfi ya ƙara shan mai, amma kariyar tana da iyaka. Shi ya sa intakula, wato ƙaramin lagireton da yake sanyaya iskar bayan an matse ta, ta fi muhimmanci a Maiduguri fiye da a Jamus, kuma wanda ya bar ta ta toshe da ƙura, ko ya canja fuli domin ƙara matsi ba tare da ya faɗaɗa ta ba, ya ɗora wa injin abin da ba zai ɗauka ba. Haka nan buɗaɗɗiyar iyakilina ta raga, wadda samari suke so saboda ƙararta, ba ta dace da garin hazo ba, domin tana shan iska mai zafi daga cikin bonet, tana barin lallausar ƙura ta wuce ta kankare fikafikan sufacaja ta kuma ɓata iyafulo, na'urar da take auna iskar da ta shiga. Matatar takarda ta asali, a cikin akwatinta, wadda ake canjawa da wuri a lokacin hunturu, ita ce zaɓin da ya fi tsare inji.

Ɓangaren mai ya fi wannan haɗari, saboda kuskurensa ba ya bayyana sai motar tana gudu da kaya. Famfon da ya gaji, ko na wata ƙaramar mota da aka saka saboda arha, yana iya tayar da inji ya kuma riƙe shi a cikin gari, amma da an taka totur a hanyar Damaturu sai matsin mai ya faɗi, iska ta rinjaya, zafi ya ƙaru. Kayan Beljiyam, wato tsofaffin kayan gyaran mota da ake kawowa daga kasuwar Ladipo ta Legas, sukan yi kama da juna a ido alhali nozul ɗinsu ya bambanta a yawan fesawa, don haka lambar kaya ce abin dubawa. Ingancin man kansa tsohuwar matsala ce ga garin da yake ƙarshen layin bututun da ya taso daga matatar Kaduna ta 1980, inda ƙarancin mai ya sha tura direbobi ga 'yan bumburutu da jarkokinsu, kuma gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ya lalata injinan jama'a da dama. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta ƙara wani darasi mai tsada, domin ruwan da ya shiga ta hanyar iska ba ya matsuwa, kuma tayar da injin da ya sha ruwa yana lanƙwasa hannun fistin.

Kunnen gwani har yanzu yana da amfani, amma ba ya jin matsin mai, ba ya kuma karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta. Tun daga 2001 sababbin motocin fetur na Turai suke zuwa da mahaɗar na'urar bincike iri ɗaya, kuma wajibi ne ƙungiyoyin kanikawan Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat su haɗa hannu wajen koya wa yaran gareji aiki da ita da ma'aunin matsin mai, kafin a damƙa musu injin da ake yi wa ɗurin iska.