Fari da ƙarancin abincin bisashe a Arlit da Akokan: abin da ya kamata mu sani

Masu sauraronmu na gida da na nesa, tambayar da muka fi samu in bazara ta kama ita ce: yaya za a yi awaki da tumakin gida su kai damana? To, mu nan Arlit ba ƙasar noma ba ce. Garin ya tashi ne saboda uranium, kamfanin Somaïr ya fara aiki a 1971, Cominak na Akokan ya biyo baya a 1978. Ruwan sama kuwa ɗan kaɗan ne, galibi cikin Yuli da Agusta, wata shekara ma sai dai a ji labarinsa. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke ya ƙare a hannun mutane da dama.

Tun da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da yawa sun rasa albashi, ƴan bisashen da ke ɗaure a tsakar gida suka zama asusu. Sai dai abincinsu daga nesa yake zuwa. Dusa, harawa da angurya duk mota ke kawo su, ta hanyar Tahoua zuwa Agadez, sannan wajen kilomita 240 zuwa nan. Kuɗin mota yana cikin kowane buhu. Shi ya sa lokacin saye ya fi komai muhimmanci: bayan girbi, wato Oktoba zuwa Disamba, harawa na da sauƙi a kudu. Daga Afrilu zuwa Yuni kowa na nema, farashi ya hau, su kuma bisashen sun rame, ba su da daraja a kasuwa. Ka ga an yi asara biyu ke nan.

A nan muke jan hankalin ƴan uwa da ke Yamai, Kano, Tamanrasset ko Libiya. Jaka goma da kuka aiko da kaka ta fi ƙarfin wadda za ku aiko da bazara, in an kira ku ana kuka. Ku tambayi gida tun da wuri.

Rage garke yana da ciwo, mun sani. Amma gara a saida tsofaffi da mazan da ba a buƙata tun suna da jiki, a bar mata masu haihuwa da masu shayarwa. Su za a fara ba dusa, a jiƙa ta, a raba safe da yamma. Ganye da ƴaƴan ƙandili da aduwa na taimako, a kaɗe su kawai, kar a sare icen. In gwamnati ta buɗe saida abincin bisashe da rahusa, za mu sanar a rediyo.

Akuya mai yunwa takan ci leda, ledar ta cushe mata ciki ta yi ta ramewa ko da ana ba ta abinci, don haka a share inda take. Sai kuma batun da ya shafe mu mu kaɗai: ƙungiyar Aghirin'man da masu binciken CRIIRAD na Faransa sun taɓa gano ƙarafa masu gubar uranium a kasuwar Arlit. Tsohon ƙarfe ko ganga da ba ku san asalinsu ba, kar a yi kwamin ruwa ko na dusa da su.