Malamai a Matsayin Ɗalibai: Zaman Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano a Landan, 1945 zuwa 1947

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, gwamnatin mulkin mallaka ta fara tura wasu zaɓaɓɓun malaman makaranta na Arewa zuwa Ingila don su ƙaro ilimin koyarwa na shekara guda. Inda ake kai su ita ce Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, wadda tun 1927 take da wani sashe na musamman domin ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya, kuma a lokacin wata masaniya, Margaret Read, ke shugabantarsa. Biyu daga cikin waɗanda suka tafi sun fito ne daga makaranta ɗaya, wato Midil ta Bauchi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945 ya dawo a 1946, Malam Aminu Kano kuma ya bi sawunsa a 1946. Masu tarihi sukan tsallake wannan shekara da layi biyu, su garzaya zuwa siyasa. Amma wanda ya duba yadda aka ci aka sha aka kwana a Landan ta wannan zamani, zai fahimci abubuwa da dama game da mutanen da suka dawo.

Ba yara ba ne aka tura. Abubakar yana da shekara 33, ya gama Kwalejin Katsina tun 1933, ya koyar fiye da shekara goma har ya zama hedimasta, ga shi kuma marubucin Shaihu Umar. Aminu yana da shekara 26, ya fito daga Kwalejin Kaduna a 1942. Mutumin da ɗalibai ke durƙusa wa a gida, sai ga shi ya koma kan benci da littafin rubutu, ana ba shi aiki ana duba masa.

Ingilar da suka tarar ba ita ce wadda suka karanta a littattafan Katsina da Kaduna ba. Ta ci yaƙi amma ta fito da aljihu wayam. Unguwanni da yawa na Landan kangaye ne saboda ruwan bama-baman Jamus, gidan haya ya yi wuya ko ga 'yan ƙasa, balle baƙo baƙar fata wanda masu gidaje da yawa ke rufe wa ƙofa da sun ga fuskarsa. Wannan matsala ce ta sa tun kafin yaƙi Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wato WASU, wadda Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a 1925, ta buɗe masaukinta a unguwar Camden.

Sai batun ciki. Kowane mutum yana da littafin rabon abinci, ba ya sayen nama ko sukari ko man shanu ko shayi sai an yanki takarda a ciki. Rabon naman mako guda bai wuce na sule ɗaya da 'yan kwabbai ba, ga kuma rabon naman alade dabam wanda ba shi da amfani ga Musulmi. Tufafi ma da takarda ake saye har zuwa 1949, alhali wanda ya zo daga Bauchi da riga da wando dole ne ya nemi kwat mai kauri da safa da takalmin sanyi. A Yulin 1946 aka sa burodi cikin kayan rabo, abin da ba a yi ba ko a tsakiyar yaƙi. Saboda haka ayarin su Aminu sun iso a lokacin da Turawa ke bin layi don burodi.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne hunturun 1947. Dusar ƙanƙara ta fara zuba a ƙarshen Janairu, ba ta saki ƙasar ba sai tsakiyar Maris. Hanyoyin jirgin ƙasa suka toshe, kwal ya kasa isa tashoshin lantarki, masana'antu suka tsaya, gwamnati ta hana gidaje amfani da wuta na awa biyar a kowace rana. A ɗakunan haya kuwa, murhun gas ba ya kamawa sai an jefa kuɗi a mita, da kuɗin ya ƙare wuta ta mutu. Mai karatu ya kwatanta ɗan Kano da mafi tsananin sanyin da ya sani shi ne hunturun gida, yana alwalar asuba a irin wannan ɗaki, sa'an nan ya fita cikin duhu ya nemi bas. Da bazara ta zo kuma wahalar ta sake kama. Azumin 1947 ya faɗo a Yuli da Agusta, a shekarar da aka tura agogon Ingila gaba da awa biyu, don haka rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Babban masallacin Landan da ake gani yanzu sai a 1977 aka kammala shi. A wancan lokaci sallar jam'i sai a wurare ƙalilan, kamar masallacin gabashin Landan da aka buɗe a 1941 cikin wasu gidaje da aka haɗe.

Karatun bai tsaya ga lacca ba, ya haɗa da ziyartar makarantu da gwajin koyarwa, kuma Aminu ya yi nasa a wata firamare ta Landan. A nan ne malamin Midil ke gamuwa da jarrabawa ta gaske. A Bauchi ɗalibansa samari ne 'yan kwana, tsararru, waɗanda aka tsamo daga lardi guda, malami yana magana suna sunkuyar da kai. A Landan kuwa yara ne ƙanana, maza da mata, aji cike maƙil saboda ƙarancin malamai bayan yaƙi, 'ya'yan leburori da direbobi, da yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata a gaban allo ba. Turancinsu na unguwa ne, mai haɗiye haruffa, ya sha bamban da na littafi wanda malamin ya ƙware a kai. Suna tambaya ba shakka, suna musu, suna dariya. Rawani ko sunan gida ba ya sa su yi shiru, sai dai darasin ya yi daɗi.

Ta tagar ajin nan kuma ana hango wani abu mafi girma. Dokar ilimi ta 1944 ta sa karatun sakandare ya zama kyauta ga kowane yaro. A 1946 aka fara ba 'yan makaranta madara kyauta kullum. A Afrilun 1947, ana fitowa daga wancan mugun hunturu, aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 15. Ƙasar da ba ta da isasshen burodi ce ke yin wannan, a ƙarƙashin gwamnatin Leba ta Clement Attlee, wadda talakawa suka zaɓa a 1945 suka kayar da Churchill duk da nasarar yaƙi. Malamin da ya bar lardin da 'yan Midil ɗinsa ba su cika ɗaki biyar ba, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ga kuma Bature yana share titi, yana dakon kaya, yana tsaye a layi ɗaya da kowa, alhali a gida ba a san shi ba sai a matsayin Razdan ko Di'o.

Gani ya kori ji, amma ido biyu ba su cika ganin abu ɗaya daidai ba. Abubakar ya dawo da girmama tsari da bin doka da sauyi a hankali. Ya zama jami'in ilimi, ya shiga Majalisar Dokoki a 1947, kuma a Agustan 1950 ya gabatar da ƙudurin nan da ya nemi a gyara mulkin En'e, abin da ya girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. Aminu kuwa ya yi cuɗanya da 'yan Leba da ɗaliban ƙasashen da ke neman 'yanci, yana can aka ba Indiya mulkin kai a Agustan 1947. Shawarar haɗa kan malaman Arewa a Landan ta tsiro, ta zama Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. An tura shi makarantar horon malamai ta Maru, ya ajiye aiki a 1950, ya rungumi NEPU. Ɗaya ya zama Firayim Minista a 1957, ɗayan ya zama jagoran talakawa har rasuwarsa a 1983.

Ga marubuta, akwai aiki a nan. Abubakar Imam ya bar mana Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944 kan ziyararsa Ingila a 1943, Aminu Kano ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Bayansu dubban malamanmu sun je Ingila da Masar da Sudan da Amurka, sun tsaya gaban allon wasu, sun dawo da labarin a baka. Da yawa suna raye a unguwanninmu. A je a tambaye su me suka ci, a ina suka kwana, wace tambaya yaro ya yi musu da ta hana su barci, a rubuta kafin ƙasa ta rufe ido. Allah Ya jiƙan magabata.