Yadda ake ƙara wa kwamfutar wasanni ƙarfi da kuɗi kaɗan

Kwamfutar da ake girkewa a kan tebur ta bambanta da wayar salula ko na'urar PlayStation ta wata fuska muhimmiya: ana iya buɗe ta, a cire wani sashe, a maye gurbinsa da wanda ya fi shi ƙarfi.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin masu wasannin bidiyo ba sa sayen sabuwar kwamfuta idan tasu ta fara gazawa. Sukan sauya sashe ɗaya ko biyu, su ci gaba da amfani da ita har wasu shekaru.

Sai dai kuma a nan ne ake yawan tafka asara. Mutum kan kashe albashin wata guda a kan wani sashe, ya ɗaura shi, ya tarar wasan na nan yana cijewa kamar da, saboda ba wannan sashen ne ke jan ƙafa ba tun farko.

Gano mai jan ƙafa

Wasan bidiyo jerin hotuna ne da kwamfuta ke zanawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Idan ta zana hotuna 60 a kowane sakan, ido na ganin motsi sumul. Idan adadin ya sauka ƙasa da 30, sai wasan ya riƙa tsalle-tsalle.

Sassa biyu ne ke raba mafi yawan wannan aiki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ke lissafin abin da ke faruwa a cikin wasan: inda ƙwallo za ta nufa, da yadda sauran 'yan wasa za su motsa. Shi kuwa katin hoto, shi ke zana abin da ake gani. Aikinsu ya yi kama da na mai kwaɓa ƙasa da magini. Duk ƙwazon magini, ba zai ɗora abin da ba a miƙo masa ba.

Ba a bukatar ko kwabo domin gano wanda ke jinkiri a cikinsu. Manhajar MSI Afterburner, wadda kyauta ce, tana nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi yayin da ake cikin wasa. Idan katin hoto na aiki kusan ɗari bisa ɗari, to ya kai iyakarsa, kuma shi ya kamata a sauya. Idan kuwa yana kan kashi 60 ko 70 amma wasan na cijewa, to jira yake yi, kuma matsalar tana wurin furosesa ko ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM.

Akwai kuma gwaji mafi sauƙi. A rage kaifin hoton wasan zuwa ƙasa sosai. Idan gudun ya ƙaru nan take, kati ne ya gaza. Idan babu abin da ya sauya, sabon kati ba zai tsinana komai ba.

Katin hoto

A mafi yawan lokuta katin hoto ne ke fara gazawa, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Kamfanoni uku na Amurka ne ke tsara ƙwaƙwalwar waɗannan katuna: Nvidia, da AMD, da kuma Intel wanda ya shigo fagen a shekarar 2022.

Katin GTX 1060 na Nvidia, wanda ya fito a 2016 a kan dala 249, ya shafe kimanin shekaru biyar yana kan gaba a ƙididdigar da dandalin sayar da wasanni na Steam ke yi kowane wata game da na'urorin masu amfani da shi. Har yanzu yana iya ɗaukar wasanni marasa nauyi. Amma wasu sababbin wasanni sun rufe masa ƙofa baki ɗaya. Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 sun wajabta kati mai fasahar bin sawun haske, wadda Nvidia ya fara sawa a jerin RTX a 2018, AMD kuma a jerin RX 6000 a 2020. Wanda zai sayi kati yanzu, ko da na hannu ne, bai kamata ya sauka ƙasa da waɗannan jeri biyu ba.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne girman ma'ajiyar da ke jikin katin kansa, inda yake ajiye zane-zanen wasan. RX 6600 na 2021 yana da gigabait 8. RTX 3060 na wannan shekarar, wanda aka fara sayarwa dala 329, yana da 12. Abin da ya jawo wa Nvidia suka shi ne, katunan da suka gaje shi, wato RTX 4060 na 2023 da RTX 5060 na 2025, sun koma gigabait 8 duk da cewa sun fi shi sauri. Da zarar wasa ya cika wannan ma'ajiya, sai hotuna su fara tsinkewa komai ƙarfin katin.

Gigabait 8 ta wadatar ga mai wasa a kan allo mai kaifin 1080p, wanda shi ne aka fi amfani da shi a ƙididdigar Steam, muddin zai yarda ya rage wasu ƙawace-ƙawace na hoto. Wanda ke son katin ya daɗe a hannunsa ya fi dacewa ya nemi mai 12 ko 16. Intel ya fitar da Arc B580 mai gigabait 12 a Disambar 2024 a kan dala 249, sai dai katin ba ya nuna ƙarfinsa sai a kan kwamfutar da ke da tsarin Resizable BAR, wato daga furosesar Intel zubi na 10 ko Ryzen 3000 zuwa sama. A tsohuwar kwamfuta, araharsa ba ta da amfani.

Allon kallo ma na da tasa iyakar. Wanda ke sabunta hoto sau 60 a sakan ba zai nuna fiye da hotuna 60 ba, ko da katin na iya zana 200.

Gurbin furosesa

Ba kowace furosesa ke shiga kowace kwamfuta ba. Tana zama ne a cikin wani gurbi da ke kan babban allon da ya haɗa dukkan sassan, kuma kowane gurbi na da nau'in da yake karɓa. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane allo ne a cikin kwamfutar?

Wanda ya yi dace shi ne mai gurbin AM4 na kamfanin AMD. An ƙaddamar da shi a 2016, kuma furosesar Ryzen ta farko ta hau kansa a 2017. Kamfanin ya ci gaba da fitar da sababbin furosesa na wannan gurbi har bayan shekaru bakwai, abin da ba a saba gani ba a wannan sana'a. A 2022 ma ya amince tsofaffin alluna irin su A320 da B350 da X370 su karɓi jerin Ryzen 5000.

Ma'anar haka ita ce, wanda ya haɗa kwamfuta a 2017 da Ryzen 5 1600 zai iya cire ta ya sa Ryzen 5 5600, wadda ta fito a 2022 a kan dala 199, ba tare da ya taɓa allo ko RAM ba. A wasannin da furosesa ce ke jan ƙafa, bambancin a bayyane yake. Akwai kuma nau'in X3D, kamar 5800X3D na 2022 da 5700X3D na 2024, waɗanda aka ƙara wa ma'ajiyarsu ta cikin gida girma har ta kai megabait 96, kuma su ne ƙololuwar abin da wannan gurbi ke iya ɗauka a fagen wasa.

Kafin a cire tsohuwar furosesar, dole ne a sabunta manhajar da ke tayar da allon, wadda ake kira BIOS, domin in ba haka ba allon ba zai gane sabuwar ba. Aikin na 'yan mintuna ne, amma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyarsa allon na iya mutuwa. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ba a yin sa sai an jona kwamfutar da inbata ko batirin ko-ta-kwana.

A ɓangaren Intel, gurbin LGA1700 na 2021 ya karɓi zubi na 12 da 13 da 14. Waɗanda suka gabace shi galibi zubi biyu kawai suke ɗauka, don haka hanyar mai tsohuwar Intel gajeriya ce.

Akwai wani dalilin da ya wuce batun wasa. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar da ta girmi Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000, in ban da 'yan kaɗan.

RAM da ma'ajiyar bayanai

Gigabait 16 na RAM shi ne gwargwadon da yawancin wasannin zamani ke nema. Guda biyu masu gigabait 8 kowanne sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, domin furosesa na ɗiban bayanai daga hanyoyi biyu a lokaci guda. Nau'in DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma gurbin AM5 da ya gaji AM4 a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5.

A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, bayan da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa kwashe abin da masana'antu ke samarwa. A watan Disambar shekarar kamfanin Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa masu tambarin Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Wannan ya ƙara wa ajiye tsohon allo da tsohuwar RAM daraja.

Ita kuwa ma'ajiyar SSD ba ta ƙara yawan hotuna a sakan, amma babu sauyin da ake ji a jiki kamar nata ga wanda har yanzu ke amfani da tsohon faifai mai juyawa. Faifan kan karanta megabait 100 zuwa 200 a sakan, SSD mafi arha kuma kimanin 550. Wasan Starfield na 2023 na cikin waɗanda suka wajabta ta.

Wuta, zafi da ƙura

Sashen da aka fi rainawa shi ne akwatin da ke rarraba wuta ga sauran sassan. Idan ya gaza, kwamfuta kan mutu ana tsakiyar wasa, mara inganci kuwa na iya ƙona abin da aka jona masa. RTX 4060 na shan wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, Arc B580 kuma wat 190. Akwati mai inganci na wat 550 zuwa 650 na ɗaukar kowannensu.

Waɗannan alƙaluma na da ƙarin nauyi a Najeriya da Nijar, inda gidaje da dama ke dogara da janareta ko hasken rana. Kati mai ƙarancin shan wuta na nufin ƙarin sa'o'i a kan batiri, da kuma ƙarancin zafi a watannin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a biranen Kano da Sakkwato da Yamai. Furosesa kan rage gudunta da kanta idan zafinta ya kusa 90 zuwa 100. Sau da yawa kwamfutar da ake zaton ta tsufa, ƙurar hunturu ce kawai ta toshe mata fanka, ko kuma man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe.

Kayan hannu

Ana ƙiyasta farashin waɗannan sassa ne da dala. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya na kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wannan ya tura masu saye da dama zuwa ga kayan da aka riga aka yi amfani da su a ƙetare, irin waɗanda ake samu a kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas.

Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, don haka sayen na hannu ba shi da haɗari sosai. Katin hoto ya fi bukatar taka-tsantsan. A 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun wawashe katuna har farashin wasu ya ninka, sa'annan da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa a Satumbar 2022, sai aka juye su a kasuwa. Da yawansu lafiya lau suke, amma sun yi watanni suna aiki dare da rana, kuma fankokinsu ne ke fara nuna gajiya. Akwai kuma na jabu, wato tsofaffin katuna da aka sauya musu suna a manhaja. Manhajar GPU-Z kan tona asirin da yawa daga cikinsu. Mai saye na da hakkin ya ga katin yana gudanar da wasa mai nauyi na tsawon rabin sa'a kafin ya biya. Akwatin wuta na hannu kuwa ba abin saye ba ne.

Wata hanya da ta shahara ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko takwarorinta na HP, a ƙara mata kati. Dabarar na aiki, amma da iyaka. Akwatin wutarsu ƙarami ne, wayoyinsa kuma galibi na kamfanin ne kaɗai, don haka ba ya sauyuwa cikin sauƙi. Katin da zai shige su shi ne wanda bai wuce wat 75 ba, wato abin da ramin allon ke iya bayarwa da kansa, kamar GTX 1650, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai gigabait 6. Idan kwamfutar siririya ce, sai an nemi gajeren nau'in katin, domin cikakken ba zai bari murfin ya rufu ba.