Yadda Sankarar Mama Ke Bijire wa Magani: Nazari a Kan Binciken Nicholas Turner

A shekarar 2015 aka fitar da sakamakon wani gwajin magani mai suna PALOMA-3. Mata 521 ne suka shiga, dukkansu masu fama da sankarar mama irin wadda sinadarin estirojin ke ciyarwa, wadda ta riga ta bazu a jiki bayan maganin farko ya gaza. An yi wa wasu allurar fulvestrant, mai toshe saƙon estirojin, ba tare da sabon magani ba, wasu kuma aka haɗa musu da maganin sha mai suna palbociclib. Matsakaicin lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ya ci gaba shi ne watanni 3.8 a rukuni na farko, watanni 9.2 a na biyu. Ci gaba ne babba, ba musu. To amma alƙaluman suna faɗar wani abu kuma: kafin shekara ta zagayo, ciwon ya sake motsawa a jikin fiye da rabin matan da suka sha sabon maganin. Ɗaya daga cikin jagororin gwajin, Farfesa Nicholas Turner na Cibiyar Binciken Sankara da asibitin Royal Marsden da ke Landan, ya duƙufa a kan tambayar da ta rage, wato ta ina ciwon yake sulalewa. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, darajar aikinsa tana cikin yadda ya kai hasashen ɗakin gwaji gaban jinin majinyata, kuma ya karɓi hukuncin jinin a inda ya saɓa wa hasashen.

Sai an san yadda ƙwayar halitta ke rabuwa kafin a gane maganar. Kowace ƙwaya a jikin mutum, kafin ta zama biyu, tana bin matakai daki-daki: ta girma, ta kwafi kundin gadonta na DNA, ta bincika kwafin, sannan ta rabe. Leland Hartwell da Paul Nurse da Tim Hunt sun sami lambar Nobel a 2001 saboda gano furotin da ke tafiyar da wannan zagaye, wato dangin CDK da abokan aikinsu da ake kira saikilin. A ƙofar shiga matakin kwafi akwai furotin mai suna RB, wanda aikinsa hana wucewa. Idan estirojin ya zaburar da ƙwayar nono, sai ta ƙera saikilin D, shi kuma ya haɗu da CDK4 ko CDK6, su liƙa wa RB sinadarin fosfet, ya saki hanya. Palbociclib yana toshe CDK4 da CDK6 ne, RB ya ci gaba da riƙe ƙofar, ƙwayar ta tsaya cik. A lura da kyau: tsayar da ita yake yi, galibi ba ya kashe ta. Majinyaciya tana sha kullum na kwana 21, ta huta kwana 7 domin fararen ƙwayoyin jininta su farfaɗo, kuma duk tsawon wannan lokaci miliyoyin ƙwayoyin ciwon suna nan da rai.

Masana sun daɗe da sanin cewa zagayen ba ƙofa ɗaya gare shi ba. A 2007 ɗakin gwajin Mariano Barbacid da ke Madrid ya nuna cewa ɗan tayin ɓeran da aka cire wa CDK2 da CDK4 da CDK6 yana ci gaba da girma har tsakiyar goyon ciki, CDK1 kaɗai na ɗauke da aikin. Kamar garin da ke cikin ganuwa ne: in an rufe ƙofar gabas ranar kasuwa, fatake ba sa komawa gida, zagayawa suke yi ta arewa. A 2016 ƙungiyar Turner, a wani aiki da Maria Teresa Herrera-Abreu ke kan gaba, ta ga irin wannan a ƙwayoyin sankarar mama da aka raina a ɗakin gwaji. Tun da wuri wasu suka koma amfani da CDK2 a madadin CDK4. Da tafiya ta yi nisa, wasu suka yawaita saikilin E1, wanda ke zaburar da CDK2, wasu kuma suka rasa RB ɗungurungum. In babu RB, ai maganin ba shi da wanda zai ƙarfafa.

Bayanin ya zauna daram, kuma da an tsaya nan, da littattafai sun rubuta shi a matsayin amsa. Turner da abokan aikinsa sun koma ga matan PALOMA-3. Ƙwayoyin ciwon daji idan suna mutuwa sukan zubar da gutsattsarin DNA a cikin jini, 'yan mitsi-mitsi, gauraye da na lafiyayyun ƙwayoyi. Daga 'yar kwalbar jinin da aka ɗiba a hannu ana iya tace su a karanta, ba sai an soka allura a hanta ko ƙashi ba. An kwatanta jinin mata 195, na ranar fara magani da na ranar da ciwon ya dawo. Sakamakon, wanda ya fito a 2018 da sunan Ben O'Leary a farko, ya nuna cewa lalacewar ƙwayar gadon RB1, mai ƙera RB, tana faruwa, kuma a rukunin palbociclib kaɗai aka gan ta, amma a mata 6 ne cikin 127, ƙasa da kashi 5 cikin 100. Sauye-sauyen da suka fi bayyana suna cikin ƙwayoyin gado biyu na daban: ESR1, mai ƙera furotin da ke karɓar saƙon estirojin, da PIK3CA, mai kula da wata hanyar girma. Kuma sun bayyana a rukunan biyu, masu shan palbociclib da waɗanda ba su sha ba.

A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a aikin gaba ɗaya. Ma'anarsa ita ce, a jikin mata da dama ciwon bai karya sabon maganin ba, tsohon abokin tafiyarsa ya kuɓuce wa, wato maganin estirojin. Bambancin yana da tasiri a gadon asibiti. Matar da RB ɗinta ya lalace, ci gaba da ba ta maganin CDK4 wahala ce da ɓarnar kuɗi. Wadda ESR1 ɗinta ne ya sauya, mai yiwuwa abin da take buƙata shi ne a canja maganin estirojin a bar ɗayan. Likitocin Faransa ƙarƙashin François-Clément Bidard sun gwada wannan a PADA-1: suna auna jini a kai a kai, da zarar sauyin ESR1 ya bayyana, tun hoto bai nuna komai ba, sai su canja wa wasu maganin estirojin da suke sha zuwa fulvestrant, su bar musu palbociclib. Waɗanda aka canja wa sun sami watanni 11.9, waɗanda aka bari a kan tsohon tsari 5.7.

Mai suka yana da abin cewa, kuma ya cancanci a saurare shi. A 2019 Turner ya ba da rahoton cewa matan PALOMA-3 da ƙarinsu ke da yawan saikilin E1 sun sami watanni 7.6 a kan palbociclib, masu ƙarancinsa 14.1. An sa rai za a sami ma'aunin da zai faɗa wa likita tun farko wace ce maganin zai yi wa aiki. Hakan bai tabbata ba, domin ba a ga alaƙar da irin wannan ƙarfi a kowane gwaji ba, kuma auna saikilin E1 bai zama aikin yau da kullum a asibiti ba. Haka nan, a PALOMA-3 tsawon rayuwa ya kai watanni 34.9 a kan 28.0, amma bambancin bai cika sharaɗin ƙididdiga ba. Sannan a jikin mata masu yawa ba a ga wani sabon sauyi a jini ba sam, alhali ciwon ya dawo, abin da ke sa a yi zaton cewa ƙwaya tana iya sauya ɗabi'a ba tare da ta taɓa kundin gadonta ba. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce binciken bai haifar da komai ba. Aikin 2016 ya nuna cewa toshe hanyar PI3K, wadda PIK3CA ke kula da ita, tare da CDK4 yana hana ƙwayoyin zagayawa. Shekara 8 bayan haka, gwajin INAVO120 mai mutum 325, wanda Turner ke kan gaba a rahotonsa, ya ƙara inavolisib, mai toshe PI3K, a kan palbociclib da fulvestrant ga masu sauyin PIK3CA, aka sami watanni 15.0 a kan 7.3. Amma da illarsa, domin hauhawar sukarin jini da gyambon baki da gudawa sun ƙaru.

Duk wannan ilimi yana tsaye ne a kan sanin irin ciwon da mace ke ɗauke da shi. Magungunan nan an yi su ne don sankarar da ke karɓar saƙon estirojin, kuma binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokanta a 2009 ya sami kaso mai yawa na ƙarin da ba ya karɓarsa a samfuran Najeriya da Senegal. Saboda haka ba wa mace maganin estirojin ba tare da an yanki naman ƙarin an auna shi ba, caca ce da rayuwarta. Karanta DNA daga jini yana iya jira, amma awon masu karɓar estirojin da na wani furotin mai suna HER2 a kan kowane ƙarin mama da aka cire ko aka yanka, wannan ya kamata hukumomin lafiyarmu su mayar da shi wajibi, su kuma ɗauki nauyin kuɗinsa.