Tarihin Ciwon Yoyon Fitsari

Wata mai sauraronmu daga Malumfashi ta aiko da takarda tana tambaya: shin yoyon fitsari ciwon zamani ne, kuma yaushe aka fara maganinsa?

To Malama, ciwon nan ya daɗe ƙwarai. Masana sun duba gawar Henhenit, matar wani sarkin Masar da ta rayu shekara wajen 4,000 da suka wuce, suka tarar mafitsararta a ɓule. Shi ma Ibn Sina, shahararren likitan nan da ya rasu a 1037, ya rubuta cewa wahalar naƙuda na jawo shi. Yadda abin yake, kan jariri ne ke tokarewa ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Yankan gishiri ma yakan ɓula ta.

A 1849 wani likita a Amurka, Marion Sims, ya yi nasarar ɗinke kafar da zaren azurfa. Amma fa abin takaici, a jikin bayi mata baƙar fata ya koyi aikin, babu maganin kashe zafi. Ɗayarsu, Anarcha, sai da aka yi mata aiki wajen sau 30. Daga baya ciwon ya kusan ɓacewa a ƙasashen Turawa, domin in haihuwa ta gagara sai a yi wa mace tiyata a ciro ɗan.

A nan Afirka, Dakta Catherine Hamlin da mijinta sun buɗe asibiti musamman don wannan ciwo a Adis Ababa a 1974. A shekarun 1980 kuma Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya soma aikin a Babbar Ruga, Katsina, inda mata dubbai suka warke.

Saboda haka Malama, ba maita ba ce, ba kuma iskoki ba. In mace ta wuni tana naƙuda, awa 12 ba ta sauka ba, a nemi mota a tafi asibiti, kada a jira kasuwa ta tashi ko maigida ya dawo daga gona. In kuwa bayan haihuwa fitsari ya soma zuba ba ya riƙuwa, a je cikin kwanakin farko. Wani lokaci robar fitsari kaɗai za a sa mata na 'yan makonni, ƙaramar kafa ta toshe ba tare da tiyata ba.