Tarihin Juji da Lambu a Ƙasar Wudil

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya bi hanyar Maiduguri, in ya yi tafiyar kamar mil 25 sai ya iske Wudil a bakin kogi. Dagumawa tana cikin garuruwan wannan ƙasa. In da kaka ya zo, watau sa'ad da gero ya riga ya shiga rumbu ana shirin yankan dawa, zai ga a tudu ana kwashe amfani, a fadama kuwa aiki yanzu ya fara, ana ta yin fangali ana dashen albasa da tumatir. Zai kuma ga tsibi-tsibin baƙar ƙasa jibge a gefen lambuna. To, tarihin wannan baƙar ƙasa muke so mu bayar, gama ba don ita ba da ba a ga geron ba, balle albasar.

A yawancin ƙasashen Arewa, al'adar manomi a zamanin dā ita ce ya noma gona shekara uku ko huɗu, in ta gaji ya bar ta saura, ya sari sabon daji. Amma a karkarar Kano mutane sun yi yawa tun tuni, ba dajin da za a sara. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa ƙasar cikin mafi albarka da ya sani a duniya. Alhali kuwa yawancinta jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe ƙarfi. Albarkar da ya gani aikin hannu ce, jakuna suka kai ta gona.

Ga yadda abin yake. Da damina ba inda ba shuka, saboda haka tumaki da awaki a turke suke kwana su wuni, ana yanko musu ciyawa. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar ciyawar da suka tattake, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, duk juji ake kai su. In rani ya yi sai a fasa jujin, a cika mangala, a ɗora wa jaki. Manomi kuwa yakan shuka wake ko gyaɗa a tsakanin hatsi, ya sami harawa, dabba ta ci, abin ya sāke komawa gona. Ko gawo ba a sare shi, don shi da damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka rana ba, ga shi ya ba ta taki.

Birni ma yana da nasa rabo. Bargar dawakin sarakuna, da mahauta, da kasuwa, da wuraren masu tuya da masu dafuwa, kowane wurin sana'a yana tara abin da mai gona ke so. Jakin da ya shigo da itace da safe ba ya komawa wofi, da taki yake fita. Michael Mortimore, malamin Jami'ar Ahmadu Bello, ya bincika wannan karkara a shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu. Daga baya masana suka riƙa kafa hujja da Kano, cewa yawan mutane ba lalle ne ya kashe ƙasa ba.

Sai dai fa takin birni yana da iyaka, iyakarsa kuwa inda jaki zai iya zuwa ya komo a wuni. Wudil ta wuce nan. Saboda haka mutanen Dagumawa da maƙwabtansu ba su dogara ga jujin birni ba, sai ga turkensu, da abu biyu da Allah ya hore wa ƙasarsu. Na fari shi ne karar Wudil, wadda ke ci ran Juma'a, tana kuwa cikin manyan kasuwannin shanu na Nijeriya; inda shanu suka wuni a tsaye haka, mai lambu ya san abin da za su bari. Na biyu Fulani. Da an kwashe amfani sai su sauko da garkensu, mai gona ya roƙe su su kafa mashekari a gonarsa, shanu su ci kara su kwana, shi kuma ya ba su damin hatsi. Ciniki ne da ba takarda, kowa kuwa ya san hakkinsa.

Mafi kyawun taki lambu ake kai wa, kuma da dalili. Gonar hatsi ruwan sama ke shayar da ita, amma lambu a dā da jigo ake ba shi ruwa, guga ɗaya ɗaya, tun asuba. Mutumin da zai sha wannan wahala wata uku ko huɗu ba zai yarda ya zuba ruwansa a kan mataccen wuri ba. Masu lambu sun kuma san ɗanyen taki yakan ƙone dashe, ya kawo gwazarma da irin ciyawa, don haka wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya yi laushi suke nema. Kashin kaji da na tattabaru, da yake suna da zafi, kaɗan kaɗan ake barbaɗa su.

Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka ƙara matsa wa gonaki. Ma'aikatar Gona ta fito da noman shanu a ƙarshen shekarun 1920. Mutane garmar suka riƙe a ka, amma rabin manufar taki ne: a ajiye bijimai a garke, a riƙa shimfiɗa musu ciyawa, a kwashe a kai gona. A wannan zamani kuma wani masani mai suna Albert Howard, a garin Indore na ƙasar Indiya, ya tsara hanyar dafa taki, ya buga littafinsa a 1931. Ana jera shara da kashin dabba da toka hawa-hawa a rami, a yayyafa ruwa, a juya sau uku, cikin wata uku ya nuna. Kada mai karatu ya ce ai mun riga shi. Juji mun riga shi, gaskiya ne, amma namu a rana yake zaune ba ruwa ba juyi, ƙarfinsa da yawa iska ke tafiya da shi. Abin da ya hana hanyarsa bazuwa a nan ba taurin kai ba ne, ruwa ne: wa zai ɗauki tulu da rani ya shayar da juji, ga dabbobi na jira?

Takin zamani ya fara shigowa da sufa, wanda aka riƙa ba manoman gyaɗa a shekarun 1950. Bai zama ruwan dare ba sai bayan 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, ta karya farashinsa. Kafin nan an gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa kuma sai daga baya, a 1992. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kafin su iso Wudil, saboda haka kogi ya riƙa gudu har da rani, amma ambaliyar da kan shimfiɗa sabon laka a fadama ta ragu. Injin ban-ruwa ya kori jigo, lambuna suka faɗaɗa, kabeji da karas da latas suka zauna kusa da albasa da tattasai. Buhu ɗaya na kamfa ya fi mangala da yawa sauƙin ɗauka, ba mai musun wannan. Amma kamfa da yuriya shuka suke ciyarwa, ba sa gina ƙasa. Wanda ya yi shekaru yana zuba su kaɗai yakan ga gonarsa ta yi fari ta daskare, ruwa ba ya zama, ƙuduji kuma ya mamaye dawarsa.

Da buhu ya yi tsada, musamman a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinsa a duniya, sai aka waiwayi juji da gaske. Aka tarar ba shi ne na dā ba. Jujin kakanni ba abin da ke cikinsa sai abin da ke ruɓewa, ko tsumma ko sakaina ko katanga. Na yanzu cike yake da leda da roba da fasasshiyar kwalba da mataccen batir. Tifa ta maye gurbin jaki, tana kai sharar birni nesa da inda jaki ya taɓa kaiwa, amma in ta juye sai mai gona ya sa yara su wuni suna tsince leda kafin a baza. Wadda ta kuɓuce musu tana nan a ƙasa, garma ta tono ta bana, ta sāke tono ta baɗi.