Tabarmar Iya: Zaman Takaba a Mahuta, Jiya da Yau

A daminar 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, mijin gwaggona ya rasu a Mahuta bayan jinyar wata bakwai. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Maza na dawowa daga maƙabarta, sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu da muke kira Iya ta shigo da tabarmarta a hammata, ta shimfiɗa a ɗakin Gwaggo. Ba ta naɗe ta ba sai ranar fitar takaba.

Takaba ta girmi garinmu nesa ba kusa ba. Larabawa kafin Musulunci shekara guda suke killace matar mamaci. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ya mayar da ita wata huɗu da kwana goma. Mai ciki kuwa sai ta haihu. Sauran dangi kwana uku aka ba su. Da hukuncin ya iso ƙasar Hausa, al'ada ta ɗora masa nata kayan: 'yar wuƙa ko sanda a hannun mai takaba don tsoron iska, barin kitso har kai ya cukurkuɗe, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ana dakan gumba ana toya waina. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya yi ƙarfi a kan waɗannan ƙare-ƙare, har ya kai ƙasarmu ta Zuru. A ganina malamai sun yi gaskiya game da wuƙa da sanda, da kuma bashin da ake ci don a ciyar da taro. Amma gidajen da suka bar bakwai da arba'in sun rasa ranaku biyu da mata ke da tabbacin komawa su duba 'yar'uwarsu, kuma ba a sa komai a madadinsu ba.

Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, gari ne na cuɗanya: Fakkawa, Dakarkari, Dukkawa, Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista. Ina tuna matan zumunta na coci sun shigo gidanmu da dawa a ƙwarya da itace a ka. Suka durƙusa suka ce, "Ya haƙuri?" Gwaggo ta ce, "Da godiya." Suka zauna shiru har la'asar.

Aikin Iya shi ne abin da na fi son a rubuta, domin ban taɓa ganin sa a littafi ba. Ba ta cika Gwaggo da nasiha. Da hantsi takan turo mata faifan gyaɗa ta ce, "Taya ni ɓara, 'yar nan." Idan Gwaggo ta ƙi abinci, ba ta yi mata faɗa, sai ta dama kunu ta ce ita ma ba za ta sha ba sai sun sha tare. Idan kuka ya zo, takan ce, "Yi abinki, hawaye ba saɓo ba ne, kururuwa aka hana."

Wani dare, wajen mako na shida, suna zaton na yi barci, na ji Gwaggo ta faɗi abin da ke cin ta. Wata bakwai tana juya mijinta, tana wanke shi, tana kwasar kashinsa, har wata rana gajiya ta sa ta ce a ranta da ma Allah ya hutar da su duka. Tun da ya cika take ganin kamar bakinta ne ya kama shi. Iya ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Ni ma na faɗi haka a jinyar malam. Duk wadda ta yi jinya ta faɗa. Ajali ba ya jiran bakinki." Washegari Gwaggo ta cinye tuwonta. Ranar da kwanakin suka cika, ƙawayenta suka tsefe mata kai, aka yi kitso, aka ƙunsa lalle, aka raka ta gaida dangi gida gida.

Yau masu takaba sun ƙaru, masu tabarma sun ragu. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na Masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. Mutum ya ƙiyasta matan da suka shiga takaba a wannan mako kaɗai. Wadda aka koro daga ƙauyenta, tana raɓe a gidan wani ko a ajin makaranta, dole ta fita neman abin da yara za su ci, ƙawayenta kuwa kowa ta yi nata wuri. Gaisuwar ma ta koma ta waya.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware a Jihar Sakkwato, kuma wadda baƙin ciki ya hana ta barci da abinci wata da watanni, ko take zancen halaka kanta, lallai a kai ta ga likita. Masana wannan fanni suna cewa amana tsakanin mai damuwa da mai sauraronta tana cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi. Iya ba ta yi boko ba, amma a kan wannan ta gina aikinta.

Iyayena mata na Mahuta da kewaye, musamman ku da kuka taɓa yin takaba kuka fita: idan maza sun tashi daga zaman makoki a rana ta uku, saura wata huɗu da mako guda a gaban matar nan. Ku raba kwanakin a tsakaninku, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai.